Hasan Ibnul Haisam, Malamin Haske

A kudancin ƙasar Iraƙi akwai wani tsohon birni da ake kira Basra. Yana kusa da teku, ƙasa da wurin da manyan kogunan nan biyu, Dijla da Furatu, suke gamuwa. A wannan birni aka haifi Hasan Ibnul Haisam wajen shekara ta 965, watau yau fiye da shekara 1,000 ke nan. Bisa ga lissafin Tarihin Kano, sa'ad da Bagauda ya ci sarauta a 999, Hasan yana da kamar shekara 34 da haihuwa. Larabawa suna kiransa Ibnul Haisam, Turawa kuwa suna ce da shi Alhazen. Shi ne ya tabbatar da yadda ido yake gani, ya kuma bi diddigin abin da haske yake yi in ya gamu da bango, ko madubi, ko ruwa.

A zamanin nan Basra gari ne na fatake da malamai. Jiragen ruwa suna zuwa da haja daga Indiya da Sin. Takarda ta yawaita, an kuma riga an juyar da littattafan Yunanawa na lissafi da taurari da magani zuwa Larabci. Hasan ya tashi da son karatu ƙwarai. Amma tun yana saurayi wani abu ya dame shi. Ya ga malamai suna yawan saɓani, kowanne yana cewa shi ke da gaskiya, alhali kuwa gaskiya ɗaya ce. Saboda haka ya ƙudura a ransa ba zai karɓi magana a kan halittun duniya don girman mai faɗinta ba, sai ya auna ta, ya gwada ta, ya gani da idonsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da wannan hali Hasan ya yi dukan zamansa na duniya.

Tafiya Masar

Arzikin mutanen Masar duka yana rataye ne ga Kogin Nilu. A zamanin da, kowace shekara kogin yakan cika ya malala cikin gonaki. In ruwa ya yi kaɗan a yi yunwa, in ya yi yawa ya ci gidaje da amfanin gona. Wani marubucin tarihi, Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, ya ba da labari cewa Hasan ya taɓa faɗa yana da dabarar da za a tsare ruwan Nilu, a riƙa sakinsa gwargwadon bukata. Magana ba ta kwana wuri ɗaya, har ta kai kunnen Sarkin Masar, Alhakim, wanda ya hau gado a 996. Sarki ya aika masa da kuɗi, ya ce ya zo.

Da Hasan ya iso, Sarki da kansa ya fita bayan birnin Alƙahira ya tarye shi. Aka ba shi magina da ma'aikata, suka bi kogi suka yi kudu. A hanya ya ga manyan gine-ginen da mutanen da suka bari, ya ga gwanintarsu wajen sassaƙa dutse, sai jikinsa ya fara sanyi. Ya yi tunani, da aikin nan mai yiwuwa ne, da waɗannan gwanaye ba su bar shi ba. Da suka kai wajen Aswan, inda ruwa yake gudu tsakanin duwatsu, ya duba faɗin kogin da ƙarfinsa, ya tabbata abin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa.

To, ga tsaka mai wuya. Alhakim sarki ne mai zafin rai, ya kashe fadawansa da yawa a kan laifin da bai kai wannan ba. Duk da haka Hasan ya koma ya gaya wa Sarki aikin ba zai yiwu ba. Sarki ya ba shi wani aiki na hukuma, amma Hasan ya san ransa yana cikin haɗari. Sai ya shiga yin kamar ya taɓu. Aka karɓe dukiyarsa, aka tsare shi a gida. Yana nan tsare har 1021, shekarar da Alhakim ya fita da dare wajen duwatsun bayan gari, ba a sake ganinsa ba. Sa'an nan Hasan ya bayyana lafiyarsa, aka mayar masa da kayansa.

Dabararsa ta tsare ruwa daidai ce, lokacinta ne bai yi ba. Sai a 1902 aka gama madatsar ruwa ta farko a Aswan, babbar kuwa sai 1970. Yaran Karaye da Rogo da suka taɓa ganin madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, sun san irin tulin ƙasa da duwatsun da ake bukata kafin a tare kogi. Nilu kuwa ya ninka Challawa sau da yawa.

Yadda ido yake gani

A Masar Hasan ya rubuta babban littafinsa mai suna Kitabul Manazir, watau littafin gani da haske. Kashi 7 ne. Tambayar da ya fara da ita mai sauƙin yi ce, mai wuyar amsawa: in mutum ya buɗe ido ya ga itace, me ya haɗa idon da itacen?

Manyan malaman Yunanawa biyu, Iƙlidis da Baɗlamus, sun koyar cewa wani haske ne yake fita daga ido, ya je ya taɓa abu, kamar yadda makaho yake taɓa hanya da sandarsa. Shekaru ɗaruruwa ana karanta wannan, ana haddacewa. Waɗansu malamai sun yi musu, sun ce wani abu ne yake zuwa daga itacen ya shiga ido, amma ba su iya bayyana yadda yake zuwa ba.

Hasan ya duba abin da kowa ya sani. Wanda ya ɗaga kai ya dubi rana, idonsa yakan yi zafi, har ya lalace. Wanda ya daɗe yana kallon farin abu cikin rana, sa'an nan ya shiga ɗaki mai duhu, sai ya riƙa ganin alamar abin nan tana yawo a gabansa. Wannan ya nuna haske ne yake shiga ido daga waje, ya bar gurbi a ciki. Ya ce daga kowane ɗigo na jikin abin da haske ya faɗa wa, haske yana bazuwa ta kowane gefe. Wanda ya shiga ido, shi ne gani. Don haka ne in fitila ta mutu da dare, mai lafiyar ido da makaho duk ɗaya suke. Idon kyanwa ma da yake ƙyalli cikin duhu, hasken fitilar mai kallo ne yake komowa daga cikinsa.

Ya kasa haske gida biyu. Akwai na abin da yake ba da haske da kansa, kamar rana da wuta. Akwai kuma na aro, kamar hasken bangon da rana ta haska. Ya rubuta wani ɗan littafi a kan wata, inda ya bayyana cewa farin wata aro ne daga rana.

Ɗaki mai duhu

Bayan wannan, Hasan ya so ya san irin hanyar da haske yake bi. Ya leƙa abu ta cikin miƙaƙƙen bututu, ya gan shi sarai. Da aka toshe wani sashe na bakin bututun, sai daidai wannan sashe na abin ya ɓace. Ya kuma lura da hasken da ke shiga ɗaki ta 'yar kafa, in akwai ƙura ko hayaƙi. Kowane yaro a Yammedi ya taɓa ganin wannan da hantsi, sa'ad da ake shara a ɗakin da jinkarsa ta huje. Hasken yakan sauko sambal kamar zaren da aka ja. Haske ba ya kewaya abu. Shi ya sa in jiki ya tare shi, sai a sami inuwa a baya.

Sa'an nan ya yi gwajin da ya fi shahara. Ya jera fitilu a waje, a gaban wata kafa da ke shiga ɗaki mai duhu. A bangon ciki sai ga ɗigon haske, kowace fitila da nata. Fitilar dama ɗigonta yana hagu, ta hagu kuwa nata yana dama. Da ya rufe fitila guda, ɗigonta kaɗai ya ɓace. Da ya buɗe, ya komo. Ashe hasken fitilun duka yana ratsa ƙaramar kafa guda, ba ya cakuɗewa, kowanne yana bin miƙaƙƙiyar hanyarsa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa in aka huda ƙaramar kafa a tagar ɗaki mai duhu, surar itacen da ke waje takan fito a bango kai ƙasa. Hasken da ya taso daga kan itacen yakan ratsa kafar ya sauka ƙasa, wanda ya taso daga gindi kuwa ya hau sama. Da irin wannan ɗaki Hasan ya binciki husufin rana, ya ga surarta a bango kamar jinjirin wata. Waɗanda suka dubi ƙasa a gindin itatuwa ran 29 ga Maris 2006, sa'ad da aka yi husufin rana a arewacin Nijeriya, sun ga irin waɗannan 'yan surori barkatai, gama kowace kafa tsakanin ganye ta yi aikin kafar taga. Wannan ita ce hanyar kallon husufi wadda ba ta cutarwa, domin duban rana kai tsaye yana makantarwa. Kyamarar ɗaukar hoto ma ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu, sunanta kuwa daga kalmar Latin ne mai ma'anar ɗaki.

Bango da madubi

In haske ya gamu da abu, ɗayan uku yake faruwa. Ko ya ratsa shi ya wuce, kamar iska da ruwa da gilashi. Ko ya komo da baya. Ko kuwa abin ya shanye shi. Sau da yawa ukun nan sukan haɗu a abu guda, sai dai wani ya fi wani yawa.

Hasan ya sa aka ƙera masa ma'auni na tagulla mai zane-zanen awo, da madubai iri 7 na gogaggen ƙarfe, waɗansu shimfiɗaɗɗu, waɗansu masu tudu, waɗansu masu zurfi kamar cikin ƙwarya. Ya riƙa sakin siririn haske a kansu yana aunawa. Ko wane madubi ya ɗauka, abu guda yake samu: gwargwadon karkatar da haske ya yi sa'ad da ya faɗa, gwargwadon karkatar da zai yi ta ɗaya gefen sa'ad da ya tashi. Kamar ƙwallo ne da aka buga a daɓe. In an sake shi tsaye ya komo tsaye, in an jefa shi a karkace ya tashi a karkace ta can gaba.

To, me ya sa mutum yake ganin fuskarsa a madubi, amma ba ya ganinta a farin bango? Madubi sumul yake, saboda haka hasken da ya faɗa masa a jere, a jere yake komowa. Bango kuwa yana da kaushi, ko da ido bai gani ba, sai ya watsa hasken ko'ina. Masu bugun tufafi sun daɗe da sanin wannan a aikace. Rawani ɗan Kura, in ya fito daga marina, ba shi da ƙyalli. Sai an kai shi mabuga an yi ta bugunsa da shuni har fuskarsa ta yi sumul, sa'an nan ya riƙa walƙiya cikin rana.

Hasan ya lura kuma launi yana tafiya tare da haske. In aka shanya jan zane cikin rana kusa da farin bango, sai a ga ja-ja a jikin bangon. Amma cikakken bayanin launi sai bayansa da shekaru fiye da 600, sa'ad da wani malamin Ingila, Isaac Newton, ya nuna cewa farin hasken rana ya ƙunshi launukan bakan gizo duka. Zanen da aka rina da baba yakan mayar da shuɗi, ya shanye saura. Farar riga takan mayar da kusan duka, baƙa kuwa ta shanye kusan duka, hasken da ta shanye ya zama zafi. Shi ya sa mai baƙar riga ya fi jin rana a kasuwa.

Sanda cikin ruwa

Kashi na bakwai na littafin a kan ruwa da gilashi yake. Kowa ya san in aka tsoma miƙaƙƙiyar sanda cikin ruwa a karkace, sai a ga kamar ta karye daidai fuskar ruwan. Sanda lafiyarta lau, hanyar haske ce ta karye. Hasan ya yi wani faifai na tagulla mai awo a gefensa, ya nutsar da rabinsa cikin ruwa, ya riƙa auna yadda haske yake sake hanya in ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi. Ya ga in hasken ya sauka tsaye, ba ya karkacewa. In ya zo a karkace, sai ya lanƙwasa.

Ya ce dalili shi ne haske tafiya yake yi, yana kuwa bukatar lokaci, ko da ido bai iya lura da shi ba, kuma tafiyarsa cikin ruwa ba ta kai ta cikin iska sauri ba. Ba shi da abin da zai auna wannan gudu, amma maganarsa ta tabbata. A 1676 wani malamin taurari ɗan ƙasar Denmak, Ole Romer, ya nuna cewa haske yana ɗaukar lokaci, a 1850 kuma aka gwada a Faransa aka ga ya fi jinkiri cikin ruwa. Yanzu an san haske yana cin kilomita kusan 300,000 cikin daƙiƙa guda a sarari, cikin ruwa kuwa kamar 225,000. Daga rana zuwa ƙasa yakan yi minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi.

Kuna iya gwada wannan a gida. Ku sa kwabo cikin kwano, ku ja da baya har bakin kwanon ya ɓoye shi. Wani ya zuba ruwa a hankali, ku kuwa kada ku motsa. Sai ku ga kwabon ya bayyana kamar an ɗago shi. Saboda wannan ne kifi yake zama ƙasa da inda ido ya nuna. Saboda shi ne kuma ruwa mai garai-garai yakan yaudari yara. Mai dubansa daga sama yana ganin kamar kashi 3 cikin 4 na zurfinsa ne kawai. Wanda ya tsaya bakin Challawa ya ga yashi kamar kusa, kada ya yarda da idonsa ya faɗa.

Ƙarshen zamansa

Bayan an sake shi, Hasan ya zauna kusa da Masallacin Azhar a Alƙahira. Bai nemi sarauta ko dukiya ba. An ce kowace shekara yakan kwafi littattafan Iƙlidis da Baɗlamus da hannunsa, ya sayar dinari 150, ya ci abinci da su har shekara ta kewayo. Sauran lokacinsa na bincike ne da koyarwa. Ya yi rubutu a kan lissafi, da taurari, da inuwa, da madubin da ke tara hasken rana har ya kunna wuta. Fiye da 50 daga cikin rubuce-rubucensa suna nan har yau. Cikinsu akwai wanda ya tara kurakuran Baɗlamus, ko da yake yana girmama shi ƙwarai. Ya yi gargaɗi ga mai neman gaskiya ya tuhumi abin da ya karanta, ya kuma tuhumi kansa, kada son zuciya ya rinjaye shi. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040, yana da kamar shekara 75.

Littafinsa bai mutu tare da shi ba. Wajen 1200 aka juya shi zuwa Latin, malaman Turai suka yi ta karatunsa, aka kuma buga shi da injin ɗab'i a birnin Basel a 1572. A ƙasar Farisa wani malami, Kamaluddin Alfarisi, ya yi masa sharhi wajen 1300. Ya cika tulun gilashi da ruwa, ya mai da shi kamar babban ɗigon ruwan sama, ya gano yadda haske yake shiga ɗigo ya karye, ya komo, ya fito ya zama bakan gizo.

Shi ma Hasan ya yi kuskure. Ya zaci gani yana faruwa ne a wani abu mai garai-garai da ke can gaba cikin ido. A 1604 wani Bajamushe, Johannes Kepler, wanda ya karanta littafinsa, ya nuna cewa aikin wannan abu tara haske ne kawai. Surar tana sauka ne a wani tantani da ke bayan ido, kai ƙasa, kamar a bangon ɗaki mai duhu, sa'an nan ƙwaƙwalwa ta fassara ta. Da hanyar da Hasan ya koyar aka gyara kuskuren Hasan.

Tabarau, da madubin likita na ganin ƙwayoyin cuta, da na hangen taurari, da kyamara, duk a kan sanin hanyar haske aka gina su. Masana taurari sun sa wa wani rami da ke fuskar wata sunansa. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekarar haske, aka tuna da Hasan Ibnul Haisam da littafinsa a ƙasashe da yawa.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Ibnul Haisam, a ina kuma ya rasu?
2. Don me ya gaya wa Sarki Alhakim aikin Nilu ba zai yiwu ba? Me ya same shi bayan haka?
3. Kawo dalili biyu da suka nuna haske yana shiga ido ne daga waje.
4. Me ya sa surar itace take fitowa kai ƙasa a ɗaki mai duhu?
5. Me ya sa rawani ɗan Kura yake ƙyalli bayan an buga shi?
6. Don me bai kamata a yarda da ido wajen auna zurfin ruwa ba?